Sitiyarin Nardi Classic mai faɗin milimita 390 a kan Peugeot 504

Yawancin masu tsofaffin motoci a Jos, idan suka tashi sauya sitiyari, kyawun katako da ƙyallin ƙarfe suke bi, alhali faɗin da'irar ne zai nuna ko za su ji daɗin tuƙin ko kuwa za su riƙa sauka da ciwon kafaɗa. Wanda nake sharhi a kansa shi ne Nardi Classic na katako mai faɗin milimita 390, da ke ɗaure a kan Peugeot 504 ɗina, haɗin kamfanin PAN na Kaduna, wadda ba ta da fawa siterin kamar yadda da yawa daga cikin ire-irenta ba su da shi.

Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Enrico Nardi ya kafa sana'arsa a birnin Turin na Italiya, kuma sitiyarinsa ne ke cikin motocin Ferrari na shekarun 1950 da 1960. Ƙafafu uku ne na alminiyam, da'irar kuma katakon mahogani ne da aka shafe da banish, an sassaƙa wa yatsu gurabe a bayanta, an kuma zana sa hannun mai kamfanin a jikin ƙafa ɗaya. Ya dace da 504 matuƙa, wataƙila domin ita ma motar, da ta fito a 1968 ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, gidan zane na Pininfarina da ke wannan yanki na Italiya ne ya fitar da siffarta.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan 390 lissafi ne mai sauƙi. Duk wanda ya taɓa ganin mai faci ya zura bututu a jikin sifana domin ya kwance notin taya da ya ƙi, ya san cewa tsawon hannu yana rage wahala, kuma haka sitiyari yake aiki. Motocin wancan zamani sukan zo da sitiyari mai faɗin da ya kai wajen milimita 400, domin ƙarfin hannun direba kaɗai ke juya tayoyin gaba. Idan aka sauko daga 400 zuwa 350, ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa da kusan kashi 14 cikin ɗari, idan kuwa aka sauko zuwa 330, ƙarin ya haura kashi 20. Saukowa zuwa 390 bai kai ƙarin kashi 3 ba, hannu ma ba ya gane bambancin. A kan babban titi, inda gudu ke sa sitiyari ya yi sauƙi, ƙaramin ba ya nuna aibinsa, amma a cunkoson Terminus, lokacin da mutum ke neman cusa mota tsakanin Keke Napep da baron mai dankali tana tafiya kamar ba ta tafiya, nan ake sanin an yi asarar ƙarfi. Abin ya fi tsanani ga waɗanda suka sa faffaɗan tayoyi domin ado, saboda su ma suna ƙara wa sitiyari nauyi.

Akwai masu cewa ƙaramin sitiyari yana sa mota ta fi saurin shan kwana. Yawan zagayen da ake yi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama yana cikin rak ne, wato ƙarfen mai haƙora da ke juya tayoyin gaba, kuma sauya da'ira ba ya taɓa shi. Tazarar da hannu ke tafiya ce kawai take raguwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne dukan da hannu ke sha idan taya ta faɗa rami. A gangaren Hawan Kibo, inda kwana ke bin kwana ga kuma manyan motoci, na fi son da'irar da za ta bar ni in gyara hanya kaɗan-kaɗan ba tare da fizga ba, kuma 390 yana ba ni wannan.

Ƙaramin yana da nasa amfani, kuma bai kamata a ɓoye ba. Dogon mutum, ko mai jiki da ke shiga mota da babbar riga ranar Juma'a, zai sami sarari tsakanin cinya da sitiyari idan ya ɗauki 360. Wanda tsohuwar Mercedes ɗinsa ta zo da fawa ma yana iya ɗaukar 360 hankali kwance. Sai dai kafin a biya kuɗi, yana da kyau a yanka kwali daidai faɗin da ake so, a ɗora a kan tsohon sitiyarin, a zauna yadda aka saba, a duba ko bakin da'irar zai rufe saman mitar gudu.

Batun da masu saye suka fi mantawa shi ne zurfi. Nardi Classic kusan shimfiɗaɗɗe ne, don haka mahaɗin da ke tsakaninsa da sandar sitiyari, wanda daban ake sayensa, shi ne ke ƙayyade nisansa da ƙirji da kuma sandar tirafiketo. Idan mahaɗin ya yi gajarta yatsu za su riƙa bugun sandar, idan ya yi tsawo sai an saki sitiyari kafin a kunna sigina. Haƙoransa dole su dace da sandar motar daidai, kuma ba abin da za a bari a gyara da walda ba ne. Ramukan Nardi shida ne a kan da'irar milimita 74, na Momo, wani kamfanin sitiyari, kuma shida a kan milimita 70, saboda haka mahaɗin ɗaya ba ya hawa ɗayan sai in an huda shi da tsarin biyu. Makaniken da ya ɗaura mini ya fara miƙe tayoyin gaba sosai kafin ya cire tsohon, sannan ya ce, «Alhaji, ka adana wannan, ranar da za ka sayar da motar za a tambaye ka shi.»

Tsada kam akwai ta, domin daga waje ake kawo shi da kuɗin waje, ga kuɗin mahaɗi da na dako. Wannan ne ya buɗe wa jabu kasuwa. Na riƙe wani a wani shagon kayan gyara, an buga masa suna an kuma goge shi tas, amma da na dafa samansa na tura sai ƙafafun suka lanƙwasa a hannuna, kuma abin da ya lanƙwasa a shago ba zai tsaya ba ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Katakon yana son kulawa a yanayinmu. Rana ta cikin gilashi da bushewar hunturu suna tsattsaga banish, don haka tawul nake rufa masa duk lokacin da na ajiye motar a fili. Da sanyin safiyar Disamba kuma, idan an shafa basilin a hannu, da'irar tana santsi, sai an goge tafin hannu kafin a kama hanya.