The Archers: sauti ya zauna, amma halin mutanen Ambridge na bin iska

Tun 1 ga Janairun 1951 BBC ke watsa wasan kwaikwayon rediyo mai suna The Archers a faɗin Birtaniya. Yau ya haura kashi 20,000, kowanne kusan minti 13, daga Lahadi zuwa Juma'a a tasharta ta Radio 4, sannan a haɗe na mako guda a maimaita da safiyar Lahadi. Labarin manoma ne a wani ƙirƙirarren ƙauye, Ambridge. Wajen sauti babu abin cewa: kukan shanu, ƙarar ƙyauren gona, tafasar buta, duk sun zauna daram. Akwai kuma masanin noma da ke duba rubutun, shi ya sa ba a girbi a lokacin shuka.

Ƙorafin tsofaffin masu sauraro a kan hali yake. Da zarar marubuta sun buƙaci abin tayar da hankali, sai a lanƙwasa mutum ya aikata abin da ba a san shi da shi ba. A 2006, daidai kashi na 15,000, Ruth, matar da aka sani da shanunta da 'ya'yanta, ta kusa barin mijinta David saboda makiyayin gonarsu, Sam. A Janairun 2011, don cikar wasan shekara 60, aka hau da Nigel Pargetter, mijin ƙanwar David, rufin gidansa cikin dare da iska ya sauko da wani ƙyalle, ya faɗo ya mutu. Wanda ya matsa masa su hau kuwa David ne, mutumin da aka gina a kan taka-tsantsan. A 2014 wannan David ɗin dai ya amince ya sayar da Brookfield, gonar gado, ya koma arewacin Ingila. Aka ja zancen wata da watanni, sannan ya fasa. Mai sauraro ya sha zullumi, David kuma ya fito yadda ya shiga.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Marubuta karɓa-karɓa suke yi, kowa da makonsa, sai ɗan ƙauyen mai barkwanci a wannan makon ya wayi gari mai ɗaure fuska a na gaba. Minti 13 ba ya ɗaukar muryoyi da yawa, kuma kowace murya kuɗi ce, don haka mutum kan ɓace na makonni, sai dai a ji labarinsa a bakin wasu. Ga sauyin 'yan wasa: a 2014 aka canza muryoyin mutum uku na ƙauyen, Tony, Tom da Pip, kusan a jere. A rediyo kuwa murya ita ce fuska, in ta canza an koma sabon sani.

Abin takaicin, sun iya in sun so. Labarin Helen da mijinta Rob Titchener ya ɗauki kusan shekara uku, daga 2013. Rob bai fara da duka ba. Ya fara da kushe tufafinta, ya sa ta daina tuƙi, ya raba ta da ƙawarta Kirsty, kullum cikin lallausar murya kamar mai tausayinta. Muryar Helen ta riƙa dusashewa har amsarta ta koma 'yan kalmomi. Da ta daɓa masa wuƙa a Afrilun 2016 babu wanda ya ce daga sama abin ya faɗo, kuma kotu ta wanke ta a Satumba. Masu sauraro sun tara wa ƙungiyar Refuge mai taimakon matan da ake cin zarafinsu sama da fam 100,000.

Maganar zuci da aka koma yi a 2020 lokacin korona, kowa shi kaɗai yana zuba, ta tona asirin raunin: wasu da aka raba su da abokan hira sai ga shi ba su da abin faɗa.

Sabon mai sauraro ya fara da haɗin Lahadi, ya ba shi mako huɗu kafin ya iya bambance muryoyin, musamman na samarin, waɗanda ke kama da juna ƙwarai.