Berimbau, pandeiro ko atabaque, wanne za ka fara saya?

Duk wanda kiɗan Bahia, wata jiha a Brazil, ya shiga ransa berimbau yake fara nema, ni dai shawarata ka ɗan dakata tukuna. Baka ce mai tsirkiya ɗaya, tushenta Angola, bayin da aka kwasa zuwa Brazil ne suka je da ita, kuma ita ke jan ragamar capoeira, wasan faɗa da ake haɗawa da rawa da kiɗa. Sandar itacen biriba ce, tsayinta wajen mita ɗaya da rabi, tsirkiyar waya ce da ake zarowa daga tsohuwar tayar mota, sai duma da aka ɗaura a ƙasa. Iri uku ce, gunga mai babban duma da kaurin murya, médio, sai viola ƙarama. Matsalar kawai kawo ta, doguwar sanda kuɗin jigilarta na iya fin kuɗinta, ga duma ba ya jure wurgi a hanya. In ka nace, ɗauki médio, kuma ka tabbata an haɗo maka da caxixi, ɗan kwandon nan mai kacau-kacau, da tsinken bugu da dobrão, kwabon ƙarfen da ake danna tsirkiya da shi, don wasu sanda da duma kawai suke turowa.

Atabaque kam wallahi ita na fi ƙauna, doguwar ganga ce ta Candomblé, addinin da ya riƙe waƙoƙin Yarabawa da na mutanen Dahomey a Salvador, babban birnin Bahia, har yau, garin da Musulmi bayi, Yarabawa da Hausawa a cikinsu, suka yi bore a 1835. Uku ake jerawa, rum, rumpi da lé. Akwai mai igiya da turaku, akwai mai noti na ƙarfe. Mai igiya ta fi kyau a ido amma in hunturu ya shigo fata ta bushe ta ɗaure tamau sai ka iya sassauta ta da hannu, mai noti kuwa sifana kawai za ka sa. Nauyi dai gare ta, ba kayan mai fara koyo ba ce gaskiya.

Agogô araha, ƙarfe biyu ne kamar kugen fada, sunan ma Yarabanci ne, ba ya lalacewa amma shi kaɗai ba ya cika kunne.

Ni pandeiro zan ce ka saya, ƴar gangar hannu ce mai fuska ɗaya kamar bandiri, da kacau-kacau na ƙarfe a gefe. Ta hannun mutanen Fotugal ta shiga ƙasar, baƙaƙen fatar Rio ne suka mayar da ita ta samba. Inci 10 ya ishe ka, tana shiga jaka. Mai fatar akuya ta fi taushin sauti da sauƙi a hannu, mai roba ta fi ƙara kuma ba ruwanta da damina ko hunturu. Contemporânea da Gope kamfanonin Brazil ne da aka sani. Kafin ka biya ka tambayi nauyinta, don mai nauyi minti goma ba za ka yi ba wuyan hannunka zai fara ciwo.