Shagon tsofaffin littattafai na kusa da tsohuwar kasuwa

Wanga shago na baban nan dattijo ina ba shi tauraro huɗu cikin biyar. Na je neman littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim wanda ya zo Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, baba ya ce in ba shi sati biyu zai sa a kawo daga Kaduna. Ranar da na koma sai ya miƙo min wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ina buɗewa na ga Karl Barth, malamin tauhidin Kirista ɗan Suwizalan da aka kora daga jami'ar Bonn a 1935 don ya ƙi yi wa Hitila rantsuwar biyayya. Gaskiya raina ya ɓaci don na hau kabu-kabu tun daga Gidan Igwai cikin rana. Amma wallahi mutumin kirki ne, ya ce "yi haƙuri ɗana, sunan ne ya ruɗe yaron", ya sa aka kawo min ruwan sanyi, har ya zaro wani littafin John Barth marubucin Amurka ya nuna min cewa Barth ɗin nan da yawa suke.

Bayan kwana goma ya kira ni, mujalladi biyu ya samo cikin biyar, takardun sun yi ja amma taswirar ciki lafiya lau, kuma bai ƙara ko sisi ba. Ƙura ce kawai ta yi yawa a kantocin, in za ku je ku rubuta mai cikakken sunan marubucin a takarda.