Wata biyar ina amfani da daileta bayan aikin basir: abin da na gani

Ni tela ne, shagona na wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zaune a kan keken ɗinki daga hantsi har bayan isha'i. Wannan zaman da yawan bushewar ciki su suka haɗu suka ba ni basir mai tsiro. Da ya matsa mini, sai na bi shawarar wani abokin sana'a na je wurin wani wanzami a bayan gari, ya ɗaure ya yanke. Makon farko na sha azaba, amma tsiron ya tafi, na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan kamar wata uku sai bayan gida ya fara fita siriri kamar fensir. In na tsuguna sai na yi rabin awa ina yunƙuri, gumi na zuba, in tashi ƙafafuna sun mutu. Na koma tsoron cin abinci, tuwon dare ma sai in tsakura in ture kwanon. Uwargida ce ta gaji da kallona, ranar nan ta ce, "Baban Abba, don girman Allah ka je asibiti. Wannan ramar ba ta aiki ba ce." Na je.

Likitan tiyatar da na gani ya sa safar hannu ya duba ni, ƙaramin yatsansa ma da ƙyar ya shiga. Ya ce wurin da aka yanke ne ya warke da tabo, shi kuwa tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata, sai dai ya riƙa janyewa yana tsuke ƙofar. Ya ce nawa bai kai ga a sake shiga ɗakin tiyata ba tukuna, za a gwada buɗa wurin a hankali da wani abu mai kama da 'yar sanda da ake sawa a dubura, wanda ya kira daileta. Sau biyu ya yi mini a asibiti da irin nasu na ƙarfe, sannan ya ce in nemi nawa in ci gaba a gida. Abin da zan yi sharhi a kai ke nan, domin lokacin da nake nema ban sami ko layi ɗaya da Hausa ba, kuma na san ba ni kaɗai ne namijin da aka ba irin wannan umarni a garin nan ba.

Samunsa shi ne wahalar farko. Na shiga kemis uku a cikin gari, ko'ina sai na jira mutane sun ragu sannan in miƙa takardar likita. Babu wanda yake da shi. Sai na koma waya. Duk wanda ya nema a intanet zai tarar da abin da na tarar: masu sayarwa sun cakuɗa na asibiti da irin waɗanda ake sayar wa maza don jin daɗi, har da masu batir da ke girgiza, wasu kuma an lanƙwasa su don su taɓa ƙullun nan na ƙarƙashin mafitsara da likitoci ke kira furostet. Hukuncin wannan na malamai ne, ni ba shi ya kawo ni ba. Amma jiki ɗaya ne, kuma haɗarin ɗaya ne ko da wace niyya mutum ya sa abu a duburarsa, don haka abin da zan faɗa ya shafi kowa.

Na fara sayen mai araha daga wani mai talla a Facebook. Aka sako mini shi a mota daga Legas, na je tasha na karɓa a baƙar leda. Ina buɗewa wani wari ya buge ni, irin na sabon silifas da aka bari a rana. Robar tana da danƙo a hannu, kuma miƙaƙƙe ne sambal daga sama har ƙasa kamar kyandir. Allah ya taimake ni ban yi amfani da shi ba, na naɗe a tsumma na kai wa likita ya gani. Ya juya shi sau ɗaya ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Malam, wannan kada ya kusanci jikinka."

Bayanin da ya yi mini ranar shi ne mafi tsada a duk abin da na samu. Ƙofar dubura zobe biyu ne na tsoka. Na waje kai ke juya shi, shi kake matsewa in bayan gida ya kama ka a hanya. Na ciki kuwa ba ya jin umarninka, aikinsa yake yi da kansa. Mashigar duka tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, daga nan sai wuri ya buɗe ya haɗe da hanji. Duk abin da ya wuce waɗannan zobba gaba ɗayansa, tsokar za ta rufe a bayansa, ga santsi, sai ya yi sama, yatsa ba ya kamo shi. Ya ce likitocin tiyata a ko'ina sun saba ciro kyandir da kwalba da makamantansu daga cikin mutane, wani lokaci sai an yi wa mutum allurar barci, wani lokaci ma sai an buɗe ciki in hanji ya huje. Saboda haka sharaɗi na farko, dole abin ya kasance da gindi mai faɗi ko mariƙi wanda ya fi jikinsa kauri sosai, yadda ba zai taɓa shigewa ba. Na biyu kuma abin da aka yi shi da shi. Waccan roba mai wari tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta na maƙalewa a ciki, ko ka wanke ba ta fita tas. Abin da ake so shi ne silikon zalla, wato wata irin roba mai laushi marar waɗannan ramuka, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko gilashi mai tauri na musamman. Ga sabon shiga silikon ya fi, don yana ɗan lanƙwasa ya bi jiki.

Araha ba ta ado. Na biyun da na saya kuɗinsa ya ninka na farko kusan sau huɗu, kuma sai da na sa mai sayarwar ya turo mini hoton gindin da na rubutun jikin kwalin kafin in tura ko sisi. Guda huɗu ne a jere, na silikon, kowanne da kai mai ɗan tsini mai laushi da gindi kamar faifan kofin shayi. Da yake tef ba ya rabuwa da wuyana, na auna kaurinsu. Ƙaramin kamar ƙaramin yatsana ne, santimita 1 da ɗan ɗoriya, babban kuma ya kai 2 da rabi. Ba wari, ba danƙo. Na bi jikinsu da farce ina neman gaɓar da aka haɗa, irin layin nan da ke fitowa a kayan roba, domin ko ɗan kaifi kaɗan zai iya tsaga fatar wurin. Ban samu ba. A nan kam na yaba musu.

Sai man santsi. Dubura ba ta fitar da ruwan da zai sa abu ya zame, don haka ba a sa komai a bushe, ko yatsa ne. Ni da farko Vaseline na yi niyya, ko man kaɗanya da ke ɗakin uwargida. Likita ya ce in sayi mai ruwa-ruwa, na sayi K-Y Jelly, wanda shi kam ana samunsa a manyan kemis na cikin gari. Dalili kuwa, mai maiƙo yana wuyar wankewa daga jikin abin, kuma in mutum yana sa wa dailetan kwaroron roba don sauƙin tsabta, maiƙo yana cinye kwaroron ya yage. Akwai kuma man santsi da shi ma aka yi da silikon, shi kuma yana iya lalata fatar daileta na silikon. Aibin K-Y ɗaya ne, yana saurin bushewa, balle ni da na fara a tsakiyar hunturu. Sai ka ajiye shi kusa da hannu kana ƙarawa. Wani mai kemis ya so ya haɗa mini da man da ke kashe zafi, na tambayi likita ya ce in bari sai in shi ya rubuta. Zafi shi ne ɗan saƙon da ke gaya maka fata ta fara tsagewa, in ka rufe masa baki za ka ji wa kanka ciwo ba ka sani ba.

Ga yadda nake yi. Nakan bari sai dare, yara sun kwanta, bayan na zaga na yi tsarki. In zuba ruwan ɗumi a baho, ɗumin da gwiwar hannu za ta jure, in zauna a ciki minti goma. Wannan zaman kada a raina shi, yana sassauta tsokar ƙwarai. In shimfiɗa tsohon zani, in kwanta ta gefen hagu in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. In shafa man a jikin abin da bakin ƙofar, mai yawa. Daga nan in ɗora kan a bakin wurin in tsaya, ba turawa, ina jan numfashi a hankali. Daren farko na fi minti biyar a haka, jikina na ƙin yarda. Dabarar da likita ya koya mini ita ce in ɗan yi yunƙuri kaɗan kamar mai shirin bayan gida, a daidai lokacin zoben na waje yake saki. Sai ka ji abin ya zame da kansa, kana fuskantar da shi wajen cibiya. In ya shiga in bar shi 'yan mintunan da aka ƙayyade mini, in zare a hankali kamar yadda ya shiga. Jin cika da ɗan ja ba komai ba ne. Zafi mai suka kamar allura kuwa, tsayawa ake yi nan take.

Inda na yi kuskure shi ne wajen hawa daga daileta na biyu zuwa na uku. Lokacin ɗinkin Sallah ya taso, shadda ta cika shago, na ƙosa in gama da wannan lamari in fuskanci aiki. Kwana shida kacal na yi a kan na biyu na ɗauko na uku na matsa. Na ji wani abu ya tsarga mini, da na zare sai ga jini a jikinsa da kan zanin. Bai yi yawa ba, ya tsaya da kansa, amma washegari na koma asibiti. Aka ce na ɗan tsaga wurin, in huta kwana goma, in koma na ɗaya. Sauri ya haifi nawa, wata guda cur na yi asara. Sai dai a nan ina da ƙorafi a kan kayan ma: tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ta yi yawa, da tef ɗina ta kai rabin santimita da wani abu, alhali tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai haka ba. Da zan sake saye, mai guda biyar ko shida zan nema, wanda ke hawa da kaɗan-kaɗan.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Takardar da ke cikin kwalin Turanci ce da rubutun Sin, kuma ba ta ce komai ba game da mai tabo ko mai basir. Silikon yana kwasar ƙura da zare kamar mayen ƙarfe, a gidan tela kuwa zare ba ya ƙarewa, don haka wanki biyu nake yi, kafin da bayan. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun isa, sannan sau ɗaya a mako in tafasa su 'yan mintuna a wani tsohon gwangwani da na ware, tunda silikon zalla marar batir yana jure tafasa. Jakar da suka zo da ita ba ta yi wata biyu ba ta ɓarke, na ɗinka wata da ragowar yadi mai kauri, ina kulle ta a akwatin ƙarfe saboda yara. Kuma abu ne na mutum ɗaya. Ba a ara, ba a bayarwa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini da ruwan jiki, wurin nan kuwa fatarsa ba ta da kauri.

Dailetan shi kaɗai ba zai yi ba in ciki na bushewa. An rubuta mini wani maganin ruwa mai zaƙi, lactulose, mai tausasa bayan gida, na kuma koma wa zogale da miyar kuka da wake da gwanda, na ajiye gorar ruwa a gefen keke. Da azumi ya zo ban canja komai ba, tunda dama da dare nake yi, sai dai na ƙara shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Abu guda da nake roƙon duk namijin da ya karanta wannan: kada ka ga jini ko siririn bayan gida ka yanke wa kanka cewa irin nawa ne ka je ka sayi daileta. Ciwon dajin hanji ma yana zuwa da waɗannan alamu, shi ya sa likita ya fara duba ni ya yi tambayoyi kafin ya ce tabo ne. Mai ɗanyen ciwo ko ƙurji ko basir da ke zubar da jini ba ya sa komai sai an duba shi. In kuwa tsautsayi ya sa wani abu ya shige maka ya ƙi fita, kada ka bi shi da cokali ko filaya, kada ka kwana kana jira, ka tafi sashen gaggawa ka faɗi gaskiyar abin da ya shiga da lokacin da ya shiga. Haka in jini ya ƙi tsayawa, ko ciki ya ɗau ciwo mai tsanani, ko zazzaɓi ya biyo baya. Ni na ga yadda suka karɓe ni, babu wanda ya ɗaga gira, babu wanda ya tambaye ni abin da bai shafi jinya ba.

Yau wata biyar ke nan. Ina kan na uku, kuma likita ya ce ba lallai in kai na huɗu ba tunda bayan gida ya dawo daidai, ba na wuce minti biyar a tsugune. Daga kullum an rage mini zuwa sau biyu a mako, zan koma ganinsa bayan wata biyu a ga ko za a ƙara ragewa. Wanduna da na tsuke wa ƙugu bara na fara kwance musu ɗinki. Wancan na farko mai wari kuwa, na sa almakashin yadi na daddatsa shi na jefa a masai, don kada wani ya tsinta.