Taliyar De Cecco: sunanta na faɗin siffarta

De Cecco, kamfanin da aka kafa a 1886 a Fara San Martino ta Italiya, yana matso ƙullunsa ta ramukan tagulla. Shi ya sa taliyar ke da kaushi, miya na kama jikinta sosai. Rigatoni ɗinsa, taliya mai siffar bututu, ya fi burgewa. Sunan daga "rigato" ya fito, wato mai tsaga, kuma tsagar da faɗin bututun ne ke riƙe niƙaƙƙen nama.

Orecchiette, "ƙananan kunnuwa" ke nan, 'yar asalin yankin Puglia ce, a kudancin Italiya. Takan manne da juna in ba a juya ta da wuri ba. Farfalle kuwa, malam-buɗe-littafi, tsakiyarta na jinkirin nuna, can za a ɗanɗana. Wajen dafawa, taliya giram 100 na son ruwa lita 1 da gishiri giram 10.