Gargaɗi ga masu manyan motoci: ana sayar da tsohon batir da sunan sabo

Na rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa masu Land Cruiser da Hilux da Prado da makamantansu, musamman waɗanda sana'arsu take kai su ƙauyuka da dazuzzuka inda kwalta ba ta kai ba, saboda wata damfara da aka yi mini a kan batirin mota, wadda daga baya na gane ba ni kaɗai ta ci ba. Akwai wasu mutane da suke tallar batura a Facebook da zaurukan WhatsApp, suna cewa kaya ne sababbi fil da aka kama a kan iyaka aka yi gwanjonsu, wai shi ya sa farashinsu ya faɗi ƙasa da na kasuwa. Abin da suke aiko wa mutum kuwa tsohon batir ne da ya riga ya gama aikinsa, aka wanke shi, aka goge, aka manna masa sabuwar takarda, aka naɗe shi a leda aka saka a kwali.

Motata tsohuwar Land Cruiser ce mai injin dizal na 1HZ, mai lita 4.2, kuma ina zirga-zirga da ita tsakanin Gashuwa da ƙauyukan yankin Yusufari, inda hanya rairayi ce zalla. Da batirinta ya fara nauyin tashi da safe, sai na ga wannan talla na yi magana da mai shafin. Bakinsa kamar zuma, bai daina kirana "Alhaji" da "ranka ya daɗe" ba, sannan ya turo mini bidiyon batirin a cikin ledarsa, ya ɗora masa mitar auna wuta ta nuna bolt 12.7. Farashin ya gaza na shago da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya ce in tura rabin kuɗin, in cika sauran idan direban da zai ba wa saƙon a tasha ya iso, kuma idan na haɗa direban da tsohon batirina zai ƙara yi mini ragi. Duk na yi yadda ya ce.

Kwana tara motar tana tashi da kiɗa ɗaya. A rana ta goma, bayan mun kwana a wani ƙauye cikin sanyin hunturu, na murza makulli da asuba, fitilun gaban direba suka dushe, na ji ƙas-ƙas sau biyu, shi ke nan. A kan kwalta ana iya tura mota mai giyar hannu ta tashi, amma motar da ta haura tan biyu kuma tayoyinta suna cikin yashi, ko samarin gari sun taru a kanta ba za ta yi gudun da injin zai kama ba. A motar akwai wata baiwar Allah da muka ɗauko za a kai ta asibiti, muka zauna har hantsi ya dubi ludayi kafin a samu mai babur da ya je ya aro mana batir daga wani mai injin niƙa. Wannan jiran shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, fiye da kuɗin da na yi asara.

Da na dawo gari na kai batirin wurin wani dattijo mai gyara da cajin batura, wanda ya daɗe a sana'ar. Kafin ya taɓa wata na'ura sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba ɗari ba ne." Muka ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 16, alhali takardar jikinsa ta ce 100Ah, wato ma'aunin yawan wutar da yake iya ɗauka, kuma batir mai ruwa na wannan girman yakan haura kilo 20, domin ƙarfinsa yana cikin yawan dalmar da aka zuba masa ne, ita kuwa dalma ba ta ɓoye nauyinta. Sai ya sa farce ya ɗaga gefen takardar, muka ga ragowar gam na wata tsohuwar takarda a ƙarƙashi. Ya nuna mini kawunan batirin biyu, inda aka goge su da samfefa har suka yi ƙyalli, amma idan ka karkata su ga haske za ka ga zoben da maƙalar waya ta bari a jikinsu tun daga motar da ya fara aiki a cikinta. A saman murfin kuma, wurin da kamfani yake buga lambar ranar ƙira, an kankare robar ta yi laushi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne gwajin ƙarshe. Ya yi cajinsa, mita ta sake nuna 12.6 kamar lafiyayye, sannan ya maƙala masa na'urar gwaji mai jan wuta kamar yadda sitata mai tayar da injin take ja, nan take allurar ta faɗo ƙasa da 7. Batir mai lafiya bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba a lokacin da ake tayar da injin. A nan ne damfarar take, kuma ina roƙon mai karatu ya fahimci wannan wuri sosai. Lambar da mita take nunawa tana gaya maka batir ya cika ne kawai, ba ta gaya maka yawan abin da yake iya ɗauka ba. Kamar randa ce da laka ta cinye rabinta, idan ka leƙa za ka ga ruwa har baki, amma moɗa biyu za ka ɗiba ka tarar da laka. Batirin da farantan cikinsa suka zube, ko wani farin abu mai kama da gishiri ya daskare a jikinsu saboda daɗewa ba caji, zai iya nuna 12.6 ko fiye idan an cire shi daga caji yanzun nan, kuma masu wannan ha'inci sukan zubar da tsohon ruwan su zuba asid mai ƙarfi fiye da ƙima domin ya yi kuzarin 'yan kwanaki, wanda shi ne kuma yake ƙarasa cinye farantan. Saboda haka bidiyon mita ba hujja ba ce ko kaɗan.

Sun fi farautar masu manyan motoci ne domin batirinmu ya fi tsada, ragi a kansa yana jan hankali, kuma idan ya mutu akwai abubuwa da yawa da za su laƙa wa laifi. Injin dizal yana matse iska fiye da na fetur, don haka juya shi yana buƙatar wuta mai yawa, kuma irin su 1HZ suna da hita mai ɗumama injin kafin tashi, wadda take shan nata rabon kafin ma a murza makulli zuwa ƙarshe. Ga zafin bazara da yake ƙafar da ruwan batir, ga jijjigar hanya mai gargada da take kakkaɓe farantansa. Da na kira mutumin da ya sayar mini da batirin, nan take ya ce altanetata, wato na'urar da take cajin batir idan injin yana aiki, ita ce ba ta caji. Mun auna ta injin yana aiki ta ba da 14.1, wato tana tsakanin 13.8 da 14.4 da ake so. Da na gaya masa haka ya ce in turo hoton katin garanti, katin da babu adireshin shago ko hatimi a jikinsa, washegari kuma lambarsa ta daina shiga.

Wanda zai sauya batir ya fara da duba littafin motarsa ko lambar da take jikin batirin da ya dace da ita. Motocin Japan sukan zo da lamba irin 105D31L, inda 105 take nuna matakin ƙarfi, D faɗi da tsayin akwatin, 31 tsawonsa a santimita, harafin ƙarshe kuma, L (hagu) ko R (dama), gefen da kan nagatif, mai alamar (-), yake. Wanda ya sayi R a madadin L zai tarar wayoyinsa ba su kai ba. Bayan Ah akwai lambar CCA, wadda take nuna wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a cikin tsananin sanyi, kuma ita ce ta fi shafar tayar da dizal. Idan motar mai batir biyu ce, kamar Land Cruiser 200 mai injin V8 na dizal ko tsofaffin da suke aiki da bolt 24, a sauya su tare, iri ɗaya, girma ɗaya, domin tsoho yana janye sabo ƙasa. Na ji labarin wanda aka sayar wa biyu, ɗaya na gaske ɗaya jabu, ya daɗe bai gano inda matsalar take ba.

Kada a biya ko sisin kwabo kafin a ga batirin da ido, a ɗaga shi da hannu, a duba kawunansa da lambar ranar ƙira, a kuma sa a gwada shi da na'ura mai jan wuta a gaban mai saye. Batirin da ya yi fiye da wata shida a ajiye, ko da sabo ne, a nemi wani. A karɓi rasit mai sunan shago da adireshin da ƙafa za ta iya takawa, a rubuta lambar batirin a kai. Mai shagon gaskiya ba ya jin haushin gwaji, shi da kansa yake ɗauko na'urar. Wajen ɗaurawa kuma a kashe injin, a fara cire wayar nagatif, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa, kada a kusanto da wuta ko taba domin batir yana fitar da iska mai kamawa, sannan a ɗaure shi da ƙarfensa tamau, ba da igiya ko tsinken roba ba, don batirin da yake tsalle a mazauninsa ba ya daɗewa a hanyar daji.

Akwai abu ɗaya da har yanzu yake damuna, wato tsohon batirin da na haɗa direban da shi. Dattijon nan ya ce da irinsa suke cika kwalayensu, wanda ke nufin mai yiwuwa yanzu haka yana cikin motar wani bawan Allah da sabuwar takarda a jikinsa. Ina ba da shawara a riƙa mayar da tsohon batir ga dilan da aka sani, wanda yake tura su wurin narkewa, kada a miƙa wa wanda ba a san fuskarsa ba, kada kuma a bari yara su fasa shi a gida, domin ruwansa yana ƙona fata, dalmarsa kuma guba ce.

Na kai ƙorafi bankina da ofishin 'yan sanda tare da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, kuma duk wanda irin wannan ta same shi a Najeriya yana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Shafin da ya cuce ni ya sauya suna, amma na gane shi, domin hotunan kwalayen da aka jera a jikin wani bango mai shuɗin fenti su ne dai, bidiyon mitar mai nuna 12.7 shi ne, labarin gwanjon kan iyaka ma bai sauya ba, kuma a makon da ya wuce na ga mutane a ƙarƙashin tallar suna tambayar lambar asusu.