Ƙurjin kyanwa: abin da za ka saya da abin da za ka bari a shago

Mafi yawan ƙurajen da ke fito wa kyanwa daga faɗa suke samo asali, musamman muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba, wanda ke kwana a kan katangun maƙwabta. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana cusa ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin fata, bakin ramin kuma ya rufe nan da nan. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ka ga wurin ya kumbura ya yi zafi, dabbar ta ƙi abinci ta laɓe a ƙarƙashin gado. Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 ne a ma'aunin salshiyos, abin da ya haura haka zazzaɓi ne. A wannan lokacin ne mai kyanwa yake garzayawa kemis, kuma a nan ne ake yin ɓarnar kuɗi da ta rai.

Kuɗin farko na likitan dabbobi ne, domin ƙurjin da bai fashe ba sai an tsaga shi an fitar da mugunyar, kuma maganin sha ba ya ratsa tarin mugunya yadda ya kamata. Wanda yake kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in garuruwan, sauran jihohi kuma suna da asibitocin dabbobi na gwamnati. Abin da ya rage maka a gida shi ne wanki, to a nan zaɓi yake da yawa.

Ni dai ruwan gishiri na fi so, kuma ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Ka tafasa rabin lita na ruwa, wato daidai abin da ke cikin ledar fiya wata guda, ka zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, ka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Wannan haɗin ya yi kusa da ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda shi ma ana sayar da shi a kemis ga mai son na kwalba. Ba ya cinye sabon naman da ke tsirowa, kuma idan kyanwar ta lashe shi, wanda dole za ta lasa, babu abin da zai same ta. Ka sayi sirinji na mililita 20, ka cire allurar ka ajiye, ka riƙa fesa ruwan cikin ramin a hankali sau biyu ko uku a rana har abin da ke fitowa ya washe. Kafin wankin ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka ɗora a wurin na minti biyar don ɓawon ya yi laushi, saboda ana so ramin ya zauna a buɗe ya warke daga ciki. Idan bakin ramin ya rufe da wuri, mugunya za ta sake taruwa. Ka naɗe ta da tawul kafin ka fara, don ko kyanwar Lami ce, ranar da take jin ciwo za ta yi cizo ta yi yakushi.

Chlorhexidine, wani ruwan maganin wanke rauni, shi ne na biyu a wurina, amma sai an sirka shi ya koma kashi 0.05 cikin ɗari, kuma kada ya kusanci ido ko cikin kunne. Aidin irin na Betadine ma yana aiki idan aka sirka shi har ya yi kalar shayi marar kauri. Sifirit azaba ce kawai. Ruwan nan mai kumfa, hydrogen peroxide, yana kashe naman da kake so ya tsiro. Dettol da Izal kuwa kada su shiga lissafinka sam, domin suna ɗauke da sinadarai dangin phenol waɗanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, kuma ta hanyar lasa suke shiga cikinta.

Wannan raunin hanta shi ne ya sa farasitamol yake kashe kyanwa. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Ibuprofen da diclofenac kuma ƙoda da ciki suke lalatawa. Maganin zafin da likitoci suka saba ba kyanwa shi ne meloxicam, a ɗan ƙaramin awo da ake lissafawa da nauyinta.

A ɓangaren maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda aka fi rubutawa shi ne amoxicillin haɗe da clavulanate, kuma na fi son na ƙwaya a kan na ruwa, saboda na ruwan firiji yake buƙata da zarar an haɗa shi, mu kuwa mun san halin wutarmu. Akwai allurar Convenia mai aiki har kwana 14, hutu ce ga wanda kyanwarsa ke tofar da ƙwaya, sai dai tana da tsada kuma ita ma sai da sanyi.

Wurin da aka cuce ni ke nan. Wani mai shagon magungunan dabbobi a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira dokta, ya duba muzurunmu daga nesa, ya ƙirgo mini ƙwayoyi tsirara a farar leda ba kwali ba suna, ya ce su ne daidai. Kwana biyar ina ɗura masa, kumburin yana ƙaruwa, har ya fashe da kansa da wani wari da ya kore mu daga ɗaki. Da na kai shi asibiti, likitar ta juya ledar a hannunta ta tambaye ni, "Malam, mene ne wannan?" Ban iya ba ta amsa ba. Ta bayyana mini cewa ko da amoxicillin da clavulanate na gaske ne, clavulanate ba ya jure laima, shi ya sa ake rufe kowace ƙwaya a cikin takardarta ta gwangwani. Tun daga ranar ba na sayen magani sai a cikin kwalinsa. Ina duba lambar NAFDAC, in gwada lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali da waɗanda ke jikin katin maganin, domin masu jabu sukan yi sakaci a nan. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, tsarin da hukumar ta fara a 2010, sai in kankare in tura lambar ta saƙon waya ina tsaye a gaban mai shagon. Rubutu mai dishi-dishi, ko farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai, ya isa ya sa in ajiye. Haka kuma ba kowane mai farar riga ne likita ba. Na gaske yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kuma ba zai ji haushi don ka tambaya ba. Wanda ya saba da shanu da awaki kaɗai yana iya zuƙo enrofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙiyasin ido, alhali idan awonsa ya wuce kima yana makantar da kyanwa har abada.

Saura abin wuya mai kama da mazurari, wanda ke hana ta lasa ko sosa wurin. Na roba mai tauri za ka saya, na yadi tana lanƙwasa shi cikin dare ɗaya. Ka ɗaura shi yadda yatsunka biyu za su shiga tsakaninsa da wuyanta, ka kuma tsare ta a ɗaki har ramin ya cike, don ƙuda kada ya yi mata tsutsa. Idan bayan kwana uku ba ta koma cin abinci ba, ko kumburin ya dawo, ka mayar da ita wurin likita, ka tambaye shi kuɗin fiɗiya da na allurar rigakafin ciwon haukan kare tun kana can.